Ƙumbar Bakin Teku a Matsayin Ma'aunin Lafiyar Ruwa: Me Ya Kamata a Ƙirga?

Sau biyu a yini da dare ruwan teku kan janye daga gaɓar Banc d'Arguin a ƙasar Muritaniya, ya bar fili na laka da rairayi da ciyawar ruwa iya ganin ido. A sarari ba a ganin komai sai tsuntsaye suna kiwo. Amma idan aka tura hannu cikin lakar, ba a kai kamu ɗaya ba za a ci karo da masu gidan: ƙumba, halittar nan mai ɓawo biyu da ke buɗewa da rufewa, dangin wadda ake tsintar ɓawonta a bakin kogunanmu ana kankara da shi. Akwai manya masu kaurin ɓawo da gurza-gurza, waɗanda idan aka fasa su jan jini ke fitowa. Masana na kiran su Senilia senilis, kuma ana samun su tun daga wannan yanki har gaɓar Angola. Akwai kuma ƙanana farare da ba su wuce kan yatsa ba, waɗanda ke lafewa a gindin ciyawa.

Tun daga shekarun 1970 masana kimiyyar teku suke ɗaukar irin waɗannan halittu a matsayin ma'aunin lafiyar ruwan gaɓa. Na yarda da wannan, kuma zan kawo dalilan yardar. Sai dai hujjar da wannan maƙala ke son kafawa ta wuce nan. Yawan ƙumba a rana ɗaya ko shekara ɗaya ba ya nuna lafiya, ba ya nuna ciwo. Abin da ke magana shi ne tsarin shekarunta, girmanta, ƙibarta, da yadda sabuwar tsara ke shigowa, idan aka bi su shekara da shekaru a wuri guda. Gaɓar Afirka ta Yamma na cike da ƙumba da mutanen da suka san ta ciki da bai, amma wannan dogon bi shi ne abin da ya yi mana ƙaranci.

Dalilin sauraron ta

Kifi yana gudu. Idan ruwa ya ɓaci sai ya ƙaura, idan ya gyaru ya dawo, mai bincike ya zo ya tarar da shi kamar ba a yi komai ba. Ƙumba ba ta da wannan dama. Makonni kaɗan na farkon rayuwarta take yi tana yawo a cikin ruwa, 'yar mitsitsiya da ido ba ya gani. Da zarar ta sauka ƙasa ta tona laka, kusan nan za ta ƙare kwanakinta. Duk abin da ya faru a wurin, a kanta ya faru: ƙarancin iskar oksijin, zafi, hawa da saukar gishiri, malalar mai. Abincinta kuma tace ruwa take yi ta samu. Tana zuƙo ruwa ta wani ɗan bututu, ta tsame ƙwayoyin gansakuka, ta fesar da sauran. A haka gubar da ke cikin ruwa, ko da ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kan taru a tsokarta har ta kai yadda za a iya aunawa. Wannan ne ya sa masanin Amurka Edward Goldberg ya ba da shawara a 1975 cewa a riƙa tattara irin waɗannan halittu daga gaɓa-gaɓa ana auna gubar jikinsu. Hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka ta ɗauki shirin a 1986, kuma har yau ana yin sa.

Ɓawon ma littafi ne. Inda yanayi ke sauyawa sosai tsakanin lokutan shekara, girman ƙumba kan tsaya a lokacin wuya ya ci gaba a lokacin wadata, kowace tsayawa ta bar zobe a jikin ɓawo. Da ƙirga zoben ake sanin shekarunta, da faɗin tsakaninsu ake sanin wace shekara ta yi kyau. A 2006 masu bincike na Jami'ar Bangor suka ciro wata ƙumba daga tekun Aisilan, aka ƙirga zobenta aka samu shekara 507. A yankinmu, a Dalta ta Salum da ke Senegal, akwai tsibin ɓawo guda 218 da mutanen da suka tara cikin ɗaruruwan shekaru, 28 daga cikinsu maƙabartu ne, kuma suna cikin dalilan da suka sa UNESCO ta sanya yankin a jerin wuraren tarihi na duniya a 2011. Binciken sinadaran ɓawon Senilia daga waɗannan tsibi ya nuna cewa shekara dubu da wani abu da suka wuce ruwan Salum bai kai na yau gishiri ba. A yau, tun bayan farin da ya addabi Sahel a shekarun 1970 da 1980, wanda tsofaffinmu ba su manta ba, ruwan cikin Salum ya fi na tekun kanta gishiri. Farin da ya kashe shanu a Damargu da Katsina ya bar alamarsa a lakar Senegal.

Aikin aunawa ba shi da wani asiri. Mai bincike kan jira ruwa ya janye, ya taka laka zuwa wurin da aka sa wa alama, ya danna bututu mai faɗin baki cikin ƙasa, ya ciro curin laka, ya zuba a rariya mai ramuka na milimita ɗaya, ya girgiza a ruwa har lakar ta tsiyaye. Abin da ya rage sai a ware iri-iri, a ƙirga, a auna tsawon kowanne, a duba zobe, a busar da tsoka a auna nauyinta. Kayan aikin ba su fi ƙarfin ƙaramin sashen jami'a ba. Tsadar aikin tana cikin komawa wuri guda, a wata guda, a yi abu guda, shekara bayan shekara, har mai yi ya tsufa ya miƙa wa wani.

Inda ƙidaya ke yaudara

Wanda ya yi wannan haƙuri shi ne Jan Beukema na cibiyar binciken teku ta ƙasar Holan. Daga 1970 ya fara bin wurare 15 a filin lakar Balgzand da ke Tekun Wadden, sau biyu a shekara, kuma aikin ya ɗore fiye da shekara arba'in. Abin da ya fito ya saɓa wa tunanin kowa. Hunturu mai tsanani, irin wanda ƙanƙara ke rufe laka, yakan kashe manyan ƙumba da yawa. Wanda ya zo ya ƙirga a ƙarshen irin wannan hunturu zai rubuta cewa masifa ta auku. Amma a bazarar da ke biyo baya ne ake samun sabuwar tsara mafi yawa. Haka aka gani a 1979 da 1987 da 1996. Dalilin shi ne jatan lande da ƙaguwa, masu cinye jariran ƙumba da zarar sun sauka ƙasa, kan makara wajen isowa bayan sanyi mai tsanani. Kafin su zo jariran sun yi girman da ya fi ƙarfin bakinsu. Bayan hunturu mai sauƙi kuwa, maharan na nan suna jira, sai tsarar ta ƙare tun ba ta kai ko'ina ba.

Sakamakon haka, yawan ƙumba a Wadden ba ya tafiya a layi ɗaya. Tsara guda mai albarka kan riƙe filin shekara huɗu ko biyar, tana raguwa a adadi tana ƙaruwa a nauyi, har wata ta zo. Bambancin shekara mai kyau da maras kyau kan kai ninki goma ko fiye, ba tare da ɗan Adam ya taɓa komai ba. To, idan ɗalibi ya auna a 1996 ya sake aunawa a 1999 ya ga raguwa, me ya gano? Bai gano komai ba sai ɗabi'ar halittar. Haɗarin gaske ya fito ne da aka jera shekarun: yayin da hunturu ke ƙara sauƙi a arewacin Turai, shekarun albarka suna ƙara nisa da juna, wani iri ma da ake kira Macoma balthica ya yi ta ja da baya a Balgzand. Wannan ba ya ganuwa a binciken shekara uku, komai ƙwarewar mai yin sa.

Makiyayi ba ya auna garkensa da adadin kawuna kaɗai. Garke mai shanu ɗari da babu maraƙi ko ƙarsana a ciki ya kama hanyar ƙarewa, ko da kuwa shanun sun yi ɓul-ɓul. Mai talatin da rabinsu ƙanana ne yana da gobe. Haka lissafin ƙumba yake. Lokacin da Wim Wolff da abokan aikinsa suka auna Senilia a Banc d'Arguin a tsakiyar shekarun 1980, sun tarar da nauyi mai yawa a laka, ita ce ma ta fi kowace halitta nauyi a wurin. Amma da aka ƙirga zobe sai aka ga akasarinsu tsofaffi ne masu shekara 10 zuwa 20, ƙanana ba su da yawa. Nauyin da aka gani gadon shekarun baya ne. Ga halitta mai tsawon rai irin wannan, haihuwa na iya tsayawa shekara goma ba a lura ba, muddin kilo ake aunawa ba shekaru ba.

Akwai kuma inda yawa kansa shi ne cutar. A 1986 aka fara ganin wata baƙuwar ƙumba 'yar asalin Asiya, Potamocorbula amurensis, a mashigin San Faransisko na Amurka, ana kyautata zaton a ruwan da jiragen dakon kaya ke ɗauka don daidaita nauyi ta zo. Cikin shekara biyu ta mamaye ƙasan arewacin mashigin, dubbai a kowace murabba'in mita. Ta tace ruwan har gansakukar da ke yaɗuwa kowace bazara ta daina bayyana, ƙananan halittun da ke cin gansakuka suka ragu, kifayen da ke cin su suka shiga yunwa. Ta kuma riƙa tara sinadarin seleniyam tana miƙa wa kifi da agwagin da ke cin ta. Mai ƙirga kawuna zai ce mashigin bai taɓa samun lafiya irin ta lokacin ba.

Shaidar tsuntsuwa

Wata 'yar tsuntsuwar gaɓa mai suna Calidris canutus ta taimaka wajen nuna cewa ƙibar ƙumba ma abin aunawa ce. Ita ba ta fasa ƙumba da baki. Haɗiye ta take yi ɗungurungum, ƙundunta ya niƙa ɓawon. Saboda haka abin da ya dame ta shi ne yawan tsokar da za ta samu a kan kowane ɓawon da ta niƙa. Idan ƙumba ta rame, tsuntsuwar za ta cika ciki da ɓawo ta kwana da yunwa.

Shekaru da dama gwamnatin Holan tana ba manyan jirage izinin kwasar ƙumba a Tekun Wadden, duk da cewa wurin na ƙarƙashin kariya. Jirgin kan fesa ruwa da ƙarfi ya tumɓuke saman laka, ya zuƙe ƙumbar, lallausar lakar kuma ruwa ya tafi da ita. A wajen 1990, bayan hunturu uku masu sauƙi a jere da babu sabuwar tsara, aka kwashe ɗan abin da ya rage, agwagin teku da tsuntsaye masu fasa kawa suka yi ta mutuwa. Masu jiragen sun riƙe hujjar cewa ƙumba na dawowa, kuma gaskiya ne takan dawo. Sai binciken Theunis Piersma da Jan van Gils da abokansu ya nuna cewa a wuraren da aka zuƙe, jarirai ba sa zama kamar da, waɗanda suka zauna kuma tsokarsu ba ta kai ba. Tsuntsayen da ba su iya girmama ƙundunsu da sauri ba suka ɓace daga wurin. A Satumba 2004 Kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa ba a ba da irin wannan izini sai an tabbatar, ba tare da shakkar ilimi ba, cewa ba zai cutar da wurin ba. Daga Janairu 2005 aka hana kwasar ƙumba da inji a ɓangaren Holan na Wadden, aka bar masu kwasa da hannu. Abin lura a nan shi ne, kafin a kai ga wannan hani an riga an tara bayanan shekara talatin a wurin.

Wani reshe na wannan tsuntsuwa kan yi ƙwai a Taimir da ke arewacin Siberiya, ya yada zango a Wadden, ya zo ya yi hunturu a Banc d'Arguin, tafiyar kusan kilomita 9,000. An kafa gandun Banc d'Arguin a 1976, UNESCO ta karɓe shi a 1989, kuma tsuntsayen gaɓa da ke sauka a can sun kai miliyan biyu a ƙidayar shekarun 1980. A nan ƙaramar farar ƙumbar nan, Loripes, ke zaune a gindin ciyawar teku. Lakar da ke ƙarƙashin ciyawa kan tara salfayid, gubar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ke kashe saiwa. Loripes na ɗauke da bakteriya a jikinta masu cin wannan guba. Su ci guba su ciyar da ita, ita ta tsabtace wa ciyawa ƙasa, ciyawa kuma ta ba ta mafaka da iskar da ke fita daga saiwarta. Tjisse van der Heide da abokansa ne suka bayyana wannan zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka a 2012. Ke nan raguwar Loripes ba asarar ƙumba ce kaɗai ba, gargaɗi ne cewa ciyawar da ke riƙe laka kuma take renon 'ya'yan kifi tana cikin haɗari.

A 2016 van Gils ya ƙara wani abu mai tayar da hankali. Ƙanƙarar Taimir tana narkewa da wuri fiye da da, ƙwarin da 'yan tsaki ke ci suna fitowa kafin a ƙyanƙyashe su, sai tsuntsayen ke tasowa ƙanana da gajeren baki. Idan suka iso Muritaniya bakin ba ya kaiwa zurfin da Loripes take, sai su koma cin saiwar ciyawa maras amfani, da yawansu ba sa ganin shekara ta biyu. Mai ƙirga ƙumba a Banc d'Arguin zai iya ganin ta ƙaru, alhali dalilin ƙaruwar yana can wata nahiya, kuma ba alheri ba ne.

Bakin Volta da rafin Bodo

Duk wanda ya bi hanyar Accra zuwa Aflawo, kamar yadda fatake da direbobinmu ke bi kullum, ya san Sogakope, inda mata ke rufe mota da soyayyar ƙumba a tsinke. Wannan ita ce Galatea paradoxa, wadda ke zaune a ƙasan kogi dab da inda ruwan daɗi ke haɗuwa da na gishiri. Ana samun ta kuma a Kogin Kuros a wajen Itu a Nijeriya, da Sanaga a Kamaru. A garin Ada za ka ga yadda ake aikin: a tafasa ta har ɓawo ya buɗe, mata su zauna su ɓare, tsoka gefe guda, ɓawo a jibge shi tsibi-tsibi a bayan gida har mai saye ya zo. Ana niƙa ɓawon a zuba a abincin kaji masu ƙwai, ana kuma ƙona shi a yi farar ƙasa.

Lokacin da masaniyar tattalin arziki Rowena Lawson ta yi nazarin wannan sana'a a farkon shekarun 1960, mata ne ke nutso suna tsinto ƙumba a dogon zango tsakanin Akuse da Sogakope, abin da ake samu a shekara an kiyasta shi tan 8,000. Aka kammala madatsar Akosombo a 1965, ta Kpong a 1982. Ambaliyar shekara-shekara da ke wanke ƙasan kogi ta tsaya, shigar ruwan gishiri a lokacin rani ta sauya, ciyayi suka cika kogin, cutar tsargiya ta yaɗu a ƙauyuka. Ƙumba ta janye zuwa ɗan gajeren zango kusa da bakin teku, kuma wani ƙiyasi na shekarun 1990 ya nuna abin da ake samu ya sauko zuwa tan 1,700. Babu wata na'ura da ta bayyana abin da madatsun suka yi wa ƙasan Volta fiye da wannan ƙaura.

Sai dai labarin bai tsaya nan ba, kuma ci gabansa ne ya fi shafar hujjata. Daga baya maza suka shigo sana'ar da injin hura iska a cikin kwalekwale, mai nutso ya riƙe tiyo a baki ya daɗe a ƙasa, ya kai zurfin da mata ba sa kaiwa. Abin da ake saukewa a gaɓa ya sake hawa. Jami'in da ke rubuta buhu nawa aka sauke zai ce ƙumba ta farfaɗo. Masu binciken Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da suka auna tsawonta sun ga wani abu dabam: ƙanana ne ke ƙara yawa a cikin kamun. Ƙarin buhu ya zo ne daga ƙarin ƙarfin kwasa, ba daga ƙarin haihuwa ba. Abin da ya riƙe sana'ar har yanzu, a ganina, shi ne dokar gargajiya ta mutanen wurin, da ke rufe kogi daga ƙarshen Disamba na wasu watanni, da dabararsu ta dasa ƙanana a filayen da aka keɓe a ƙasan ruwa har su girma.

A Nijeriya darasin ya zo da ɗaci. A 2008 bututun mai ya fashe sau biyu a yankin Bodo na ƙasar Ogoni, ɗanyen mai ya kwanta a lakar da mata ke tsintar ƙumba da dodon-koɗi. A mafi yawan irin waɗannan malala a Neja Dalta, gardama kan tsaya a kan abu guda: me ke wurin kafin man ya zo? Kamfani ya ce dama can babu komai, jama'a su ce akwai, babu takarda. A Bodo an yi katari Nenibarini Zabbey, ɗan yankin kuma mai bincike a Jami'ar Fatakwal, ya riga ya auna halittun lakar rafin kafin malalar, har da wata ƙaramar ƙumba dangin Loripes. Da ya koma wuraren bayan malalar, akasarin ire-iren da ya rubuta sun ɓace. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran Ogoni zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30, kuma a 2015 kamfanin Shell ya amince ya biya mutanen Bodo fam miliyan 55. Gaɓar Nijeriya ta kai kilomita 853. Rafuka nawa ne a cikinta aka taɓa aunawa kafin ɓarna ta zo?

Wani zai ce, tunda yawan ƙumba na hawa da sauka da kansa har haka, ai ma'auni ne mai ruɗu. Gara a dogara da na'urorin da ake jefawa a ruwa da hotunan tauraron ɗan Adam. Akwai gaskiya a maganar. Ƙumba kan nuna cewa wani abu ya lalace, ba kullum take faɗin ko mene ne ba. A mashigin Arousa na Sifaniya, wata ƙwayar cuta ce ta karkashe ta a 2012, ba gurɓatar ruwa ba. A Burry da ke Wales ana ta mutuwar ƙumba tun 2002, masana sun daɗe suna muhawara a kan sanadin. A 2018 zafin bazara ne ya kashe ta da yawa a gaɓar Holan. Dole a haɗa ƙidayarta da awon zafi da gishiri da oksijin da binciken cuta. Amma na'ura abin da ruwa yake a lokacin awo take faɗa, tauraro kuma ba ya ganin ƙarƙashin laka. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ko mai rai zai iya zama a wurin nan ya girma ya hayayyafa, kuma mai rai ne kaɗai ke amsa ta.

Su wa za su yi ƙidayar?

Ba mu da kuɗin Holan, wadda tun 2008 ke auna dubban wurare a Wadden kowace shekara. Muna da abin da ita ba ta da shi: dubban mata da ke shiga laka kusan kowace janyewar ruwa, daga Salum har Kuros Riba, waɗanda hannunsu ya san girman ƙumbar bana da ta shekara goma da suka wuce. A Gambiya, ƙungiyar TRY da Fatou Janha ta kafa a 2007 ta haɗa ɗaruruwan mata masu tsintar kawa da ƙumba. A 2012 gwamnati ta ba su keɓantaccen haƙƙin wannan sana'a a dausayin Tanbi. Su da kansu suka amince a rufe wurin wata takwas a shekara, a buɗe daga Maris zuwa Yuni, aka kuma yanke girman da ba a ɗaukar ƙasa da shi. Matan bakin Kogin Densu a Ghana sun je sun gani, suka dawo suka fara rufe nasu wurin a 2017, har suna auna gishiri da zafin ruwa da hannunsu. Matar da ta iya wannan za ta iya auna tsawon ƙumba hamsin daga kwandonta sau ɗaya a wata ta rubuta, in dai an ba ta ma'auni da littafi, an kuma biya ta ladan aikinta. Ban ga hikimar a riƙa kawo ɗalibi daga birni ya yi wata shida ya tafi da bayanan a cikin kundin digiri, a bar masu wurin a matsayin 'yan rakiya ba.

Mai karatu a Sakkwato ko Yamai na iya ganin teku ta yi masa nisa. Ruwan Rima da na Kaduna a Neja suke zuba, na Gongola a Binuwai, dukansu kuma a lakar Neja Dalta suke ƙarewa, tare da takin zamani da maganin feshi da dattin masana'antar da muka sallama musu. Madatsar Kainji ta tare Kogin Neja tun 1968, ta Jebba ta biyo baya, ta Shiroro kuma ta tare Kogin Kaduna, ga ta Kandaji da aka fara ginawa a Nijar. Kowace madatsa tana sauya yawan ruwan daɗi da lakar da ke isa gaɓa, kamar yadda Akosombo ta yi wa Volta. Muna buƙatar wuta da noman rani, ban musa ba. Amma ya kamata mu san abin da ake biya a ƙasa.

Don haka ina kira ga cibiyar binciken teku ta ƙasa da ke Legas, da jami'o'in Kalaba da Fatakwal da Uyo, da takwarorinsu na Ghana da Senegal da Kamaru, su zaɓi wurare 'yan kaɗan a kowace gaɓa, su sa musu alama, su riƙa komawa a wata guda kowace shekara, su auna tsawo da shekaru da nauyin tsoka, ba adadi kaɗai ba, tare da matan da ke sana'ar, su kuma ajiye bayanan inda kowa zai iya gani. Masu ba da tallafin bincike, irin su TETFund, su buɗe wata taga ta musamman ga aikin da ba zai ba da amsa ba sai bayan shekara goma sha biyar ko ashirin. A fara a ranin bana, tun kafin wani bututun ya fashe ko a rufe wata madatsar.